Shekarar da Aka Daina Raba Mini Dabino

Maryam, Usman, da kai Bilal autanmu, na san abin da kuke ji a gidajen dangin mahaifiyarku duk lokacin da aka ambaci Kawunku Idrisu. Ana cewa ni na ɗauke shi a mota na kai shi inda daga can aka mayar da shi Chadi. Gaskiya ne, ni na tuƙa motar. Sai dai masu faɗar haka fitar motar daga lungu kawai suka gani, ba su hau saman bene tare da mu ba. Yanzu da Allah ya sa hannuna ya saba da alƙalami bayan furfura ta riga ta fito, zan rubuta muku shekarar nan yadda na gan ta, a hankali, don haka rubutun nawa yake tafiya.

Kun taso kun ga mahaifiyarku Rakiya ba ta miƙa wa na gida abu ɗungurum. Dabino ɗaya in ya shigo hannunta, sai ta sa farcen babbar yatsa ta tsaga shi, ta cire ƙwallon, ta ba na kusa da ita rabi. Haka take yi da gurasar tamis, da lemo, da tsokar nama. Ko shayi aka zuba mata sai ta juye rabi a wani kofin. Wajen kakarta ta gaje shi, wadda ta taso daga ƙasar Kano da ƙafa da niyyar Hajji, tafiyar ta tsaya musu a Abeshe ta ƙasar Chadi har aka haifi 'ya'ya da jikoki a can. A ayarin nan, in ji Rakiya, ba a cin komai sai an raba, kuma duk wanda aka zuba wa abinci shi kaɗai a kwanonsa ya san an yi fushi da shi ke nan. Goggonta ce ta ƙarasa da ita Makka tana yarinya, ta zo da ɗabi'ar a hannunta. Ranar da aka kawo ta gidana a unguwar Rusaifa, kafin ta yarda ta ɗago ido ta dube ni, rabin dabino ta fara ajiye mini a tafin hannu.

Idrisu ƙanenta ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi aka bari a Abeshe. Da ya girma ya zo Umra, ya ga Ka'aba, ya kasa komawa. Ba shi da iƙama, wato takardar zama, saboda haka muka ba shi ɗan ɗakin da ke saman bene kusa da tankin ruwa. Tela ne, yana rage tsawon jallabiyoyin mutanen unguwa yana yi musu bakin hannu. Ni kuma aikina kun san shi: gyaran dinamo, injin nan da ke tura ruwa daga rijiyar ƙasan gida zuwa tankin sama, in kuma ruwan sama ya gangaro daga duwatsu ya cika ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, a kira ni in kai injin zuƙa in kwashe. Da rana in na dawo cin abinci, sai in ji sauti biyu a gidan, gurnanin dinamo daga ƙasa da ƙarar keken Idrisu daga sama, mu kuma muna tsakaninsu muna cin abinci a tire ɗaya. In na rufe ido yanzu ma ina jin su.

Bayan watsewar alhazai a shekarar nan Rakiya ta fara tari. Muka ce murar Hajji ce da kowa ke yi. Ba ta tafi ba. Ta rame har zoben aurenta ya fara zamewa cikin ruwan wanke-wanke, gumi yana jiƙa mata riga ko da fanka na kanta. A asibiti suka ɗauki hoton ƙirji, suka gwada kakinta, suka ce tarin fuka ne. Suka ba ta magunguna kala-kala da za ta sha kowace safiya kafin ta ci komai, na watanni, ba tsallake rana. Suka kuma gargaɗe mu kada mu tsorata in mun ga fitsarinta da guminta sun koma launin ruwan goro, ɗaya daga cikin magungunan ne ke yin haka. Hakan kuwa aka yi. Matashin kanta ya rine, har hawayenta in ta yi tari mai ƙarfi sai ya sauko ja-ja. Aka ce a kawo duk mutanen gida a duba su. Muka je ni da ku aka duba, ba a sami komai ba. Idrisu bai je ba, don a takarda babu shi a gidan.

Da farko ta samu sauƙi sosai, ta koma girki, ta fara yi mana faɗa a kan takalma a bakin ƙofa. Sai kuma abin ya tsaya, sannan ya fara ja da baya. Tarin ya dawo da wata murya mai zurfi, kamar ana jan guga a rijiyar da ba ruwa. Likitar da ke duba ta wata 'yar Sudan ce mai sanyin magana. Ta dubi sakamakon gwajin kaki ta daɗe, ta ce ya kamata a ce ƙwayoyin cutar sun ɓace zuwa yanzu, amma ga su nan. Ta tambayi Rakiya ko tana tsallake rana. Rakiya ta rantse ba ta taɓa tsallakewa ba, ni ma na shaida, don kowace safiya ina ganinta da kofin ruwa. Sai likitar ta juyo wurina ta tambaye ni sana'ata. Da na gaya mata ta yi murmushi, ta ajiye biro.

"To, Abu Maryam, kai za ka gane ni. Kowace ƙwayar cutar nan kamar ɗan ɗaki ne mai katanga, a jikin katangar kuma akwai injunan zuƙa ƙanana. Maganinmu sai ya shiga cikin ɗakin ya taru kafin ya kashe ta. Ita kuma yana shiga tana zuƙe shi tana watsowa waje."

Na ce to ashe ba a cin ta da yaƙi ke nan. Ta ce in gaya mata, wane ruwa ne ke fin ƙarfin injina. Na ce wanda ya zo gaba ɗaya daga kan dutse, ta ƙofa da taga lokaci guda. Amma yayyafi da yoyon bututu ko ƙaramin inji ya ishe su. Ta ce haka nan ne. Shi ya sa suke ba da magani kala-kala kuma cikakke, don ya zo wa cutar kamar ambaliya. In ya zo kaɗan-kaɗan, injunan suna kwashe shi, cutar ta rayu, har ma ta ƙara kunna wasu injunan. Tana nan raye tana hayayyafa, wata rana sai a haifi wadda maganin ba ya kama ta ko kaɗan, ita ce za ta cika huhun. Ta ce in aka kai nan, magani ya zama dogo mai wahala, wani lokaci kuma ba a samun wanda zai yi. Ta faɗi wannan tana kallon Rakiya. Rakiya tana kallon zobenta.

Kwanakin da suka biyo baya na yi su kamar mai tafiya cikin barci. Zan hau saman benen mutane da azahar in buɗe tanki, zafi yana rawa a kan rufin gidaje har duwatsun suna kamar za su narke, tattabaru suna kewaya sama su nufi Harami, sai in zauna a inuwar tankin da sifana a hannu in manta abin da ya kawo ni. Ina ganin ƙirjin Rakiya kamar wata unguwa a gefen dutse, gidaje ƙanana birjik, kowane gida da ɗan injinsa yana gurnani, ruwa launin goro yana bin lunguna yana shiga ta ƙarƙashin ƙofofi, ana feso shi waje ta bututai siraran da ba su kai gashi ba. Ina ganin kaina ina yawo a lungunan ina neman inda zan kashe wutar unguwar, ban samu ba. Shekara da shekaru ina alfahari da injin da ba ya gajiya, ga shi yau ina roƙon Allah ya gajiyar da wasu injuna. Abin da na kasa ganewa shi ne inda ruwan yake raguwa. An sako shi cikakke daga asibiti. A aikina in ruwa ya taso da ƙarfi ya isa sama da rauni, to akwai inda yake bi a hanya.

Wata la'asar na hau namu benen don duba tanki. Keken Idrisu shiru, na ji yana tari a ɗaki, tarin da na daɗe ina ji ina cewa ƙurar yadi ce. A kan igiya an shanya fararen jallabiyoyinsa, iska tana kumbura su kamar mutane marasa kai suna ruku'u. Na tsaya ina kallonsu haka nan, sai idona ya sauka a wuyan ɗaya da hammatarta. Wanki bai fitar da shi ba: launin ruwan goro, irin na matashin kan Rakiya sak. Na kama rigar na riƙe, ɗumin rana yana jikinta. Na sake ta na sauko.

Na same ta a kicin tana tsince shinkafa. Ban ɗaga murya ba, ban taɓa iyawa ba. Na ce mata na ga rigar Idrisu. Hannunta ya tsaya a cikin tiren. Ba ta yi musu ba. Ta ce tun wata na biyu ta ji tarinsa ya zama irin nata, ta san in ya je asibiti za a tambayi takarda, shi ya sa kowace safiya take raba maganin biyu, nata a hannu, nasa a ƙunshe a gefen tiren karin kumallo, wanda ya rage shi kaɗai ta tsaga shi da wuƙa. Ta gaya masa asibiti ne suka ƙaro don 'yan gida. Na tuna mata maganar likita, na ce rabin nan ba ya warkar da ita, ba ya warkar da shi, koya wa cutar yake yi yadda za ta fi ƙarfinsu su biyun.

"Abu Maryam, nono ɗaya muka sha. In haɗiye lafiya ni kaɗai, shi yana sama yana tari a kaina?"

Na ce a kai shi asibiti a ba shi nasa cikakke. Ta ce in an kai shi ba zai dawo gidan nan ba, ni ma na sani. Ta kama bakin hannun rigata, abin da ba ta taɓa yi ba, ta roƙe ni in bar maganar tsakaninmu, ta ce za ta riƙa ba shi kaɗan ta sha mai yawa. Na dubi wuyan hannunta da ya koma kamar na yarinya. Na yi alwala na tafi masallaci, na zauna bayan an idar har liman ya fita ya bar ni da fankoki suna juyawa.

Washegari da hantsi na hau sama. Idrisu yana zaune a bakin ƙofarsa yana warware ɗinki, ya ce Yaya sannu da zuwa, ya matsa mini a tabarma. Shi ma ya rame, ban lura ba sai ranar, don kullum cikin babbar riga yake. Na ce masa ciwon yayarsa ne a ƙirjinsa, ya kamata mu je asibiti. Ya yi 'yar dariya ya ce ai yana shan magani, kuma ni na san abin da zuwa asibiti yake nufi ga irinsa. Ya nuna wajen da hasumiyoyin Harami suke leƙowa tsakanin duwatsu.

"Yaya, kakarmu ta mutu a hanya ba ta ga wurin nan ba. Ni na gani. In ajali ne, gara ya same ni a nan a yi mini salla a can."

Na ce wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ba zan ja da shi ba. Amma akwai abu ɗaya da ya kamata ya sani kafin ya zaɓa.

"Maganin da kake sha, asibiti ba su ƙaro komai ba. Rabin na Rakiya ne."

Ya dube ni kamar na yi masa wani yare. Sai na gaya masa maganar ɗakunan da injunan, yadda likita ta gaya mini, da abin da ke jiran yayarsa in aka ci gaba. Ya ƙarasa warware ɗinkin da ke hannunsa har ƙarshe, ya naɗe rigar, ya ɗora a kan sauran, ya gaya mini sunan mai kowace riga don in mayar musu. Ya lulluɓe keken da zane. Sannan ya ce in tayar da mota.

Da muka sauko, Rakiya tana tsaye a ƙofar kicin da tiren karin kumallonsa a hannu, ƙunshin yana gefe. Idrisu ya ɗauki ƙunshin, ya buɗe tafin hannunta ya sa mata, ya rufe yatsunta a kai da hannunsa biyu.

"Yaya Rakiya, shanye duka. In kin sake raba shi ban yafe ba."

Ba ta dube shi ba, ni ta duba. Wannan kallon ne na tafi da shi a mota. A hanya Idrisu ya roƙe ni in bi ta inda zai hango Harami, na bi, muka shiga cunkoso, bai damu ba, ya jingina kai da gilashi yana motsa baki.

An kwantar da shi, an kula da shi yadda ya kamata, ba wanda ya wulaƙanta shi. Da aka gwada kakinsu su biyun, aka tarar abin da likita ta ji tsoro ya fara: ɗaya daga cikin magungunan ya daina kama cutar. Ta ce mun zo da sauran dama. Aka canza musu magani, aka ƙara tsawon lokaci, aka ce Rakiya ta riƙa shan nata a gaban ma'aikaciyar jinya. Kowace safiya ni ke kai ta in dawo da ita, tana bayan mota, ba ta cewa komai sai amsa sallama. Sabon maganin ya wahalar da ita, amai da jiri da ciwon gaɓoɓi, wasu ranakun sai na riƙe ta a matakala. Idrisu kuwa da ya warke, aka yi abin da muka sani za a yi, aka sa shi a jirgi. Ta waya suka yi sallama.

Tun ranar da na sauko da shi, Rakiya ba ta fasa mini komai na haƙƙi ba. Tufafina a wanke, abincina a kan lokaci. Sai dai a farantina ni kaɗai, cike, da nama mai kyau. In ta kawo shayi, sai ta ajiye mini dabino a ɗan kwano, manya, lafiyayyu, ba wanda aka taɓa. Baƙo in ya gani zai ce ana ji da maigidan nan. Ku kuna yara, kuna ganin ana tsaga muku kuna karɓa, ba ku lura ba. Ni kuwa ina ɗaukar dabinon nan cikakke in ji ya yi mini nauyi a hannu. Ban yi ƙorafi ba. Na san abin da na cire mata, kuma da za a mayar da ni saman benen nan, abin da na faɗa shi zan sake faɗa. La'asar ta zama mini doguwa a gidan da ba ƙarar keke, shi ya sa na fara zuwa ajin manya da wani malami yake yi a bayan shagonsa a unguwar Zahir, inda na koyi haruffan da nake rubuta muku da su.

Ranar da likita ta ce huhunta ya washe, an gama, na sa rai a raina. Muka dawo gida, maƙwabta suka shigo barka, aka yi shayi. Kwanona ya zo da dabinonsa cikakku. Idrisu ya yi aure a Abeshe, ya buɗe shago, aka haifa masa 'ya ya sa mata Rakiya, muka ji kukanta ta waya. Kwanona bai canza ba. Har na saba, na daina dubawa.

Sai wata rana da rana tsaka hadari ya taso ta bayan duwatsu, aka yi ruwa irin na Makka, mai zuwa gaba ɗaya. Aka kira ni wani gida a unguwar Shisha da ɗakin ƙasansu ya cika. Na kafa injina, ruwan yana shigowa ta ƙofa da taga, injin yana iya ƙoƙarinsa, ruwan yana hawa. Na tsaya cikinsa har gwiwa ina kallo, mai gidan yana ta faɗa, ni kuwa na kama kaina ina murmushi. Sai da ruwan saman ya ɗauke muka kwashe.

Na dawo gida kafin magariba a jiƙe, ƙafafuna duk laka. Rakiya tana zaune a bakin taga tana kallon ruwan da ke gangarowa a matakalar lungu, ta yi ƙiba, zobenta ya zauna daram. Na zauna nesa kaɗan ina goge kai da tawul. Ta zuba shayi, ta jawo kwanon dabino ta ɗauki ɗaya, tana jujjuya shi a yatsunta, idonta a waje. Ta ce, kamar da taga take magana, Idrisu ya kira ɗazu, wai 'yar ta fara tafiya, yana bin ta a tsakar gida da gudu ba ya haki.

Na ce alhamdu lillahi.

Sai na ji ɗan sautin nan da na shekara uku ban ji a kusa da ni ba, farce yana shiga fatar dabino. Ta cire ƙwallon ta ajiye a gefen tire. Ba ta juyo ba. Ta miƙo hannu ta gefe, ni kuma na buɗe tafina.